Asalin Fararen Ƙwallayen Da Ke Fitowa Cikin Hoton Dare

Tun lokacin da na'urar ɗaukar hoto ta shiga cikin wayar salula, ɗaukar hoto ya daina zama sana'ar mutum ɗaya ko biyu a gari. A Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, har ƙauyukan da ke nesa da babbar hanya, da wuya a yi buki ko suna, ko taron wa'azi, ko wasan dandali, a watse ba a ɗauki hotuna ba. Da yawa daga cikin hotunan nan da dare ake ɗaukarsu, da taimakon ƴar fitilar nan mai walƙiya wadda masu hoto ke kira filash. To, cikin irin waɗannan hotuna ne ake yawan ganin wani abu mai ɗaure kai, watau waɗansu fararen ƙwallaye zagayayyu kamar wata ɗan daren goma sha huɗu, suna shawagi bisa kawunan jama'a, ko kusa da fuskar amarya, ko gefen jariri, alhali kuwa sa'ad da aka ɗauki hoton ba wanda ya ga kome da idonsa.

Magana takan yi yawa a kansu. Wani ya ce aljanu ne suka halarci taron, wani ya ce kurwar mamaci ce ta zo duba iyalinta, wani kuma ya ce alamar sammu ce. Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake wannan zato ba. A Amurka da Turai, tun wajen ƙarshen shekarun 1990, akwai ƙungiyoyin masu neman fatalwa da ke shiga maƙabartu da tsofaffin gidaje cikin dare suna ɗaukar hoto, in sun ga ƙwallayen nan su ce sun kama ruhohi. Abin kuwa ba na wasa ba ne, domin hankalin iyali yakan tashi, a zargi maƙwabciya ko kishiya da maita, kuma mai neman na banza ya sami ƙofar karɓar kuɗi ko akuya da sunan magani. Batun samuwar aljanu na malamai ne, su ke da ta cewa a kansa. Amma ƙwallayen cikin hoto an san asalinsu sarai. Ƙura ce da ke yawo daf da idon na'ura, hasken filash ya faɗa mata, ta mayar da shi cikin na'urar.

Iska ba ta rabo da ƙura

Duk wanda ya taɓa zama cikin ɗaki mai duhu da hantsi, hasken rana ya shigo ta ƴar kafar taga ko ta hudar kwano, ya ga yadda ƙananan abubuwa ke ta iyo cikin zirin hasken nan, suna hawa suna sauka. Ba zirin hasken ya kawo su ba. Dama ɗakin cike yake da su, sai dai ido ba ya ganinsu sai haske mai ƙarfi ya faɗa musu kuma bayansu akwai duhu.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Malam Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekara ta 965, ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bayyana cikin littafinsa Kitab al-Manazir cewa gani yana samuwa ne in haske ya taso daga jikin abu ya shiga ido, kuma haske miƙe yake tafiya. Cikin hujjojinsa har da wannan zirin haske da ƙura ke nunawa cikin ɗaki mai duhu. Bayansa da ƙarni takwas, cikin shekarun 1870, wani masani mai suna John Tyndall ya yi wani gwaji a birnin Landan. Ya haɗa akwati mai tagogin gilashi, ya shafe cikinsa da wani ruwa mai danƙo, ya rufe shi kwanaki har duk ƙurar da ke ciki ta kwanta ta manne. Da ya haska fitila mai ƙarfi ta cikin akwatin, sai ga zirin haske a waje kafin ya shiga, ga shi kuma bayan ya fita, amma a ciki babu shi. Wannan ya tabbatar da cewa iska zalla ba ta nuna haske, ƙurar da ke cikinta ce ke kama shi tana watsawa.

Yadda ɗan ƙanƙanen abu ke samun haske mai yawa

Kaurin gashin kan mutum bai cika wuce kashi 1 cikin 10 na milimita ba, kuma yawancin ƙurar da ke yawo cikin iska ba ta kai haka ba. Mai karatu zai yi tambaya, yaya abin da ya kasa gashi kauri zai fito cikin hoto da haske haka?

Amsar tana ga nisa. Wanda ya yi karatu da fitilar ƙwai ya san in ya matsa kusa rubutu yakan fito, in ya ja da baya kaɗan sai ya dushe. Akwai ƙa'ida a kan haka. In nisa ya ninka sau 2, hasken da ke isa wurin yakan koma kashi 1 cikin 4. In ya ninka sau 3, ya koma kashi 1 cikin 9. In ya ninka sau 10, ya koma kashi 1 cikin 100. A ɗauka mai hoto yana tsaye mita 3 daga mutanen da zai ɗauka, kuma akwai ƙwayar ƙura santimita 10 kacal daga fitilarsa. Mita 3 santimita 300 ke nan, watau mutanen sun fi ƙurar nisa sau 30. In an buga 30 sau 30 za a sami 900. Ke nan ƙarfin hasken da ya faɗa wa ƙwayar ƙurar ya fi wanda ya isa fuskokin mutanen kusan sau 900. Shi ya sa ƙanƙantarta ba ta hana ta fitowa.

Dalilin da ya sa mutanen wurin ba su gan ta ba kuwa shi ne, walƙiyar filash irin ta na'urar masu hoto ba ta wuce kashi 1 cikin 1000 na sakan, kuma hasken da ƙurar ta mayar ya fi komawa wajen da ya fito, inda idon na'ura yake. Mutum na iya ganin abin da idonsa in ya ɗora tocila a gefen fuskarsa cikin duhu ya haska gabansa. Direbobin da ke bin babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi ta Doso da Birnin Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram sun san haka ƙwarai. In hazo ya yi kauri suka kunna babbar fitila, sai su ga farin bango a gabansu, domin ƙurar da ke kusa da mota ta mayar musu da haskensu cikin ido.

Dalilin girmansu da zagayensu

Saura tambaya ta biyu: don me ƙwayar ƙura, wadda ba ta da wata siffa tsayayya, take fitowa babba kuma zagayayya?

Idon na'ura gilashi ne mai tattara haske, bayansa kuma akwai wani ɗan allo da hoto ke faɗawa a kansa. A da fim ne, yanzu kuwa allon lantarki ne. Hasken da ya taso daga kowane ɗigo na jikin abu yakan shiga ta wata ƙofa zagayayya, gilashin ya riƙa tsuke shi kamar mazurari har ya kai tsini. In tsinin ya faɗa daidai kan allon, ɗigon yakan fito ɗigo, hoto ya fito tangaran. Amma gilashin ba ya iya daidaita kowane nisa a lokaci guda. In an saita shi ga mutanen da ke mita 3, to hasken abin da ke santimita 10 ba ya gama tsukewa kafin ya isa allon. Sai allon ya tare mazurarin nan tun yana da faɗi, kuma duk wanda ya yanke mazurari a tsakiya, da'ira zai gani. Idon mutum ma haka yake yi. In mutum ya kawo tsinken tsintsiya daf da idonsa yana kallon itace mai nisa, tsinken yakan yi faɗi, ya yi dishi-dishi, har ana hangen itacen ta cikinsa.

Ana iya lissafa girman ƙwallon. Ƙofar haske ta ƙaramar na'ura ko ta wayar salula ba ta cika wuce milimita 2 ko 3 ba. In ƙofar milimita 2 ce, ƙurar tana santimita 10 daga gilashi, mutanen kuma suna mita 3, ƙwallon zai rufe wuri mai faɗin kusan santimita 6 a jikin mutanen, kamar girman lemun tsami babba. In ƙurar ta matso zuwa santimita 5, faɗin ya kusan santimita 12, kamar tafin hannu. Abin lura a nan shi ne, girman ƙwallon bai danganta da girman ƙurar ba. Kusancinta da faɗin ƙofar haske su ke yanke shi. Siffarsa ma ta ƙofar ce. Waɗansu na'urori da ƴan siraran ganyayen ƙarfe ake haɗa ƙofarsu, kuma in ganyayen 6 ne, ƙwallayen hotonsu duka kusurwa 6 za su fito da ita. Da ruhohi ne, ba su canza kamanni don an canza na'ura.

Ana hangen bango ko rigar mutum ta cikin ƙwallon domin ƙurar ba ta tare kome ba sai ɗan wuri kaɗan, hasken bangon yana wucewa ta gefenta ya shiga sauran gilashin. Zobba da zane-zanen da akan gani ciki in an buɗa hoton, daga lanƙwasar haske a bakin ƙofar suke, da kuma ƴan tabo da dattin jikin gilashi. Masu cewa sun ga fuska a ciki, irin ganin da akan yi ne na raƙumi ko doki cikin gajimare.

Abin da ya sa hotunan da ba su cika nuna su ba

Dattawa za su tuna cewa hotunan da masu sana'a ke ɗauka a da ba su cika zuwa da waɗannan ƙwallaye ba. Ba ƙura ce ta ƙaru ba, ƙirar na'ura ce ta canza. Tun 1887 aka fara ɗaukar hoton dare da garin magnesiyom mai kamawa da wuta, wanda mai hoto ke ɗagawa sama bisa faranti a hannu guda. Wajen 1930 ƙwan fitila mai walƙiya sau ɗaya ya shigo kasuwa, cikin wani babban kasko da ake ɗaurawa gefen na'ura. A shekarun 1930 ɗin ne Harold Edgerton na Amurka ya kyautata fitilar lantarki mai walƙiya, wadda filash na yau ya samo asali daga gare ta. Duk waɗannan fitilu nesa suke da idon na'ura, da taƙi guda ko fiye, saboda haka haskensu yakan wuce ta saman iskar da ke daf da gilashi, ƙurar wurin ta zauna cikin duhu.

A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa na'urar farko mai ɗaukar hoto ba da fim ba. Cikin shekarun 1990 ƙananan na'urori irin wannan suka bazu, kuma wajen shekara ta 2000 aka fara sayar da wayoyi masu ɗaukar hoto a Japan. Don na'urar ta shiga aljihu, sai aka matso da fitila daf da gilashi, tsakaninsu santimita 1 ko 2 ko 3. Tun daga nan fitila ta koma haska ƙurar da ke gaban gilashin sosai. Ga shi kuma ɗaukar hoto ya zama kyauta, mutum ya ɗauki ɗari cikin dare guda ba tare da ya sayi fim ba. Shi ya sa yawan ƙwallayen ya zo daidai da zuwan waɗannan na'urori. Kamfanonin da ke ƙera su sun san da abin, kamfanin Fujifilm ma ya yi wa masu sayen kayansa bayani cewa ƙurar cikin iska ce ke kawo shi, ba lalacewar na'ura ba. Kusancin nan na fitila da gilashi shi ne kuma ke sa idon mutum ya fito ja cikin hoton dare. Masu ɗaukar hoto ƙarƙashin teku, inda ruwa ke cike da ƙananan abubuwa, sukan ɗaura fitilunsu bisa dogayen hannuwa can gefe don guje wa wannan matsala.

Hoton fatalwa tsohuwar sana'a ce

Tun ba yau ba ake cin kuɗin masu baƙin ciki da hoto. A Amurka, cikin shekarun 1860, wani mai hoto, William Mumler, ya riƙa sayar wa mutane hotunansu tare da inuwar ƴan uwansu da suka rasu. An kai shi gaban shari'a a birnin New York a 1869, amma aka sallame shi don hujja ba ta isa ba. A birnin Pari na Faransa kuwa, a 1875, ƴan sanda sun kama wani mai irin wannan sana'a, Edouard Buguet, suka tarar da ƴan tsana lulluɓe da mayafi da tarin hotunan kawunan mutane a ɗakin aikinsa. Ya amsa laifinsa, ya bayyana cewa sau biyu yake ɗaukar hoto bisa gilashi ɗaya. Aka yanke masa shekara 1 a gidan kaso da tarar faran 500. Abin mamaki, waɗansu daga cikin waɗanda ya cuta sun tsaya gaban alƙali suna rantsuwa cewa lalle mamatansu suka gani. Ƙwallayen yau ba wanda ya ƙirƙire su da gangan, amma zuciyar mai kewa ko mai tsoro ba ta canza ba, kuma macuci ya san da haka.

Lokacin da suka fi yawa

A Nijar ƙwallayen nan sun fi fitowa da hunturu, daga ƙarshen Nuwamba zuwa Maris. Yawancin farin hazon wannan lokaci daga ƙwarin Bodele yake tasowa, a arewacin ƙasar Cadi. Wurin nan gindin wani babban tafki ne da ya ƙafe dubban shekaru da suka wuce, ya bar farin gari mai laushi, ragowar ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas takan matse tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi, ta kwashi garin nan wajen kwana 100 a shekara. Masana suna lissafa wurin a kan gaba cikin wuraren da ƙura ke tasowa a duniya, kuma ƙurarsa takan ratsa Nijar da Nijeriya har ta faɗa bisa teku.

Ban da hazo, akwai ƙurar da ƙafafun masu rawa ke tayarwa a dandali, da ta shara, da ƙaiƙayin gero wurin sussuka da shiƙa, da gari wurin injin niƙa, da tokar murhu, da audugar rimi. Da damina yayyafi yakan yi aikin ƙura, haka nan ƙananan ƙwari masu bin fitila. Fitilar wayar salula takan daɗe a kunne fiye da filash na gaske, saboda haka abin da ke motsi yakan fito da wutsiya, cikin hoto mai motsi kuma a gan shi yana gilmawa.

Gwajin da kowa zai iya yi

Gani ya kori ji. Da dare, a sami wuri mai duhu, a kunna filash a ɗauki hoto guda. Sa'an nan a kakkaɓe tabarma ko tsohon bargo gaban na'urar, a sake ɗauka. Hoton na biyu zai cika da ƙwallaye. A jira ƙura ta kwanta a ɗauki na uku, za a ga sun ragu. In an kashe filash aka haska wurin da tocila daga gefe, da nisa, sai su ɓace. Masu bincike a Ingila sun gwada da na'ura mai idanu biyu da ke ɗaukar hoto biyu a lokaci guda, suka tarar ƙwallon yakan fito a ɗaya ya rasa fitowa a daidai wurin a ɗayan. Da abin yana can kusa da mutanen, da idanun biyu duka sun gan shi a wuri guda.

Akwai waɗansu tabo da ya kamata a bambanta. Tabon da ke fitowa wuri ɗaya cikin kowane hoto, datti ne a jikin gilashi, sai a goge da ƙyalle mai laushi. Jerin da'irori ko ɗigo kore da ke fitowa in rana ko fitila tana cikin hoton, haske ne ke kai da komowa tsakanin gilasan na'urar. Mai son hoto mai tsabta ya yayyafa ruwa a fili kafin taro, ya tsaya inda iska ba ta kawo masa ƙura, ya kai mutane kusa da fitilar wurin ya kashe filash, kuma ya ɗauki hoto biyu ko uku don ya zaɓa.

Gargaɗin da ke cikin hoton

Ƙwallo ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne, ko cikin ɗaki mai tsabta ana samunsu. Amma hoton da ya cika da su shaida ce cewa mutanen da ke cikinsa ƙura suke shaƙa, kuma mafi laushinta, wadda ke shiga har cikin huhu, ba ta ma fitowa a hoto. Ƙura tana tayar da tari da asma da ciwon ido. Tana kuma da hannu cikin sanƙarau. Ƙwayar cuta ce ke kawo sanƙarau, tana bin tari da atishawa daga mutum zuwa mutum, amma busasshiyar iska mai ƙura takan raunana cikin hanci da maƙogwaro ta buɗe mata hanya. A 1963 wani likitan Faransa, Lapeyssonnie, ya bayyana zirin ƙasashen da cutar ke yawan aukuwa da rani, wanda yau ake lissafinsa daga Senegal zuwa Habasha, Nijar tana tsakiyarsa. Annobar 1996 zuwa 1997 ta kama mutum fiye da 250,000 a Afirka, ta kashe wajen 25,000. A 2010 aka fara allurar rigakafin nau'in A a Nijar da Mali da Burkina Faso, amma a 2015 nau'in C ya yi ɓarna a Yamai da Doso. Saboda haka a rufe hanci da rawani ko mayafi ranar hazo, a nisantar da jarirai daga wurin shara da sussuka, a kai yara rigakafi, kuma zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sanƙarewar wuya, gidan likita ake kai su nan take.

Ya kamata malaman yaƙi da jahilci su yi gwajin tabarmar nan gaban ɗalibansu, ma'aikatan lafiya da masu gari kuma su bayyana wa jama'a, don kada a ɓata zumunci ko a yi asarar dukiya a kan ƙwayar ƙura. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya ƙara wa jama'a sani da lafiya, amin.